Gaɓar Ghana ko tsibiran Senegal: ina mai kwana bakwai zai dosa?

In mutum ya tara 'yan kuɗinsa, ya ce bana sai ya ga teku da idonsa, kuma ba ya son wahalar layin biza, ƙasashe biyu ne ke fara zuwa bakin masu ba shi shawara: Ghana da Senegal. Mai fasfon Najeriya yana shiga kowaccensu ba tare da biza ba, albarkacin yarjejeniyar ECOWAS, ya zauna har kwana 90, in dai ya riƙe katinsa na rigakafin cutar shawara. Kowaccensu tana da gaɓar teku da ta haura kilomita 500, kuma kowaccensu tana da tsofaffin gine-ginen zamanin cinikin bayi da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya. Wannan kamar da suka yi ita ke ruɗar mutane, har a ɗauka duk wadda aka je an ga ɗayar. Ba haka ba ne. Kuma taura biyu ba ta taunuwa a hutun mako guda, dole a zaɓi ɗaya.

Bari in fara da abin da masu tallar yawon buɗe ido ba su cika faɗa ba. Ghana kusan ba ta da tsibiri a cikin teku. Gaɓarta doguwar rairayi ce da duwatsu da tafkunan ruwan gishiri, sai 'yan tsibiran da ke bakin kogin Volta a Ada, inda kogin ke zubewa cikin teku. Wanda burinsa shi ne ya hau jirgin ruwa ya sauka a wani ɗan gari da ruwa ya kewaye ta ko'ina, ya riga ya sami amsarsa: Senegal. Amma wanda ya fito don ya taɓa tarihi da hannunsa, ya ɗan dakata tukuna, domin sunan da tsibirin Gore na Senegal ya yi a duniya ya fi abin da ke cikinsa nauyi, Elmina ta Ghana kuwa abin da ke cikinta ya fi sunanta.

Daga Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, tafiyar awa uku in cunkoson Kasoa bai riƙe ka ba. Daga nan zuwa Elmina bai wuce kilomita 12 ba. A wannan ɗan tsakanin ne manyan gidajen bayi biyu suke. Na Elmina, Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, kuma babu wani ginin Turawa da ke tsaye a yau a Afirka kudu da Sahara da ya girme shi. Zinariya ce ta fara kawo su, sunan garin ma daga kalmarsu ta mahaƙar ma'adinai ya samo asali; daga baya mutum ya fi zinariya riba. A 1637 Turawan Holan suka jawo igwa zuwa kan tudun da ke fuskantar ginin, suka yi ta ɓarin wuta har Fotugal ta miƙa wuya. Don kada a yi musu irin abin da suka yi, sai suka gina nasu sansanin a kan tudun, shi ne St. Jago da ake hawa yau a hango garin gaba ɗaya. Ingila ta karɓi wurin a 1872. A cikinsa ne aka tsare Sarkin Asante, Prempeh na ɗaya, bayan kama shi a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can kuma tsibiran Seshel.

Shekaru da sunaye ke nan. Abin da ke kama mutum a Elmina daban ne. Ɗakunan da aka tara mata suna kewaye da wani tsakar gida, a sama kuma akwai barandar gwamna inda yake tsayawa ya leƙo ya nuna wadda yake so. Ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi ƙunci gare ta, sai mutum ɗaya, shi ma a karkace. A Cape Coast, wanda mutanen Suwidin suka fara kafawa a 1653 kuma Ingila ta ƙwace a 1664, kurkukun maza yana ƙarƙashin ƙasa, iska da haske ba sa shiga sai ta 'yan tagogi can sama, kuma daidai samansa aka yi ɗakin ibada. Mai yi wa baƙi jagora yakan kashe fitila na ɗan lokaci. Duk surutun da ayari ya shigo da shi, a nan yake yankewa. Ban ga amfanin shiga da yaron da bai kai shekara goma ba. A bar shi a farfajiya wajen igwogin da ke kallon teku.

Akwai kuma wani abu da ya sa wannan gaɓar ba baƙuwarmu ba ce. In ka ɗauki hanyar Kumasi daga Cape Coast, bayan kamar kilomita 40 za ka isa Assin Manso, inda ake tsayar da bayin da aka gangaro da su daga arewa, a yi musu wankan ƙarshe a wani rafi kafin a kai su bakin teku. Sunan rafin ya fito ne daga kalmar da Asantawa ke kiran bawan da aka sayo daga arewa. Babbar kasuwar arewan kuwa ita ce Salaga, a ƙasar Gwanja, wadda fataken Kano da Katsina suka yi ta zarya zuwa cikinta da tufafi da kanwa da fatu, su koma da goro. Cikin hajar da ta ratsa kasuwar nan har da mutane. Don haka Bahaushen da ya tsaya a bakin rafin ba ɗan kallo ba ne zalla. Labarin ya biyo ta hanyar da kakanninsa suka taka, kuma ba duka gefensa ke da daɗin ji ba. A Elmina ma akwai unguwar da ake kira Tudun Java, inda sojojin da Holan ta ɗiba tsakanin 1831 da 1872 ta kai Indunusiya suka zauna bayan dawowarsu, da yawansu 'yan arewa ne da aka fanso daga bauta aka sa musu kaki.

Yanzu a ɗora wannan a kan ma'auni da Gore. Tsibirin ɗan ƙarami ne, tsawonsa mita 900, faɗinsa bai fi 350 ba, jirgin ruwa na kai mutum daga tashar Dakar cikin minti ashirin. Babu mota ko ɗaya a cikinsa. Lunguna ne na rairayi, gidaje masu fentin ja da ruwan ɗorawa, furanni sun zubo ta kan katangu, ga kuka nan da can, ga wani tsohon masallacin dutse a gindin tudu yana kallon ruwa. Kyau kam, Gore ta fi Elmina nesa ba kusa ba. Gidan bayinta, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 18, shi ne mai matakala biyu masu lanƙwasa da ƙofar nan da ke buɗewa kai-tsaye kan teku, wadda hotonta ya zagaya duniya. Mandela ya je a 1991, Fafaroma John Paul na biyu a 1992, Obama a 2013. Sai dai masana tarihi da dama sun nuna cewa gidan na wata attajirar iyali ne, kuma yawan bayin da suka bi ta tsibirin bai kusanci miliyoyin da aka daɗe ana ambata ba. Manyan tashoshin cinikin suna can kudu, a gaɓar Ghana da Benin da Najeriya da Angola. Wannan bai rage wa Gore daraja a matsayin wurin tunawa ba. Amma a ganina bambancin a fili yake: Gore alama ce, Elmina da Cape Coast shaida ne.

Ga mutanen Nijar, Gore tana da wani tarihin na daban. Makarantar horar da malamai ta William Ponty, wadda ta yaye yawancin 'yan bokon farko na ƙasashen renon Faransa, a tsibirin take daga 1913 har wajen 1937. Boubou Hama ya yi karatu a cikinta, haka ma Diori Hamani, shugaban Nijar na farko. Ɗan Zinder ko Maraɗi da ya je can zai kuma tarar kuɗin aljihunsa na sefa su ne ake kashewa, Faransancin da ya iya kuma shi ne na ofis da na tasha. Wannan sauƙi ne babba, irin wanda ɗan Najeriya ke samu a Ghana.

Kuma sauƙin da ake samu a Ghana ba na Turanci ba ne kaɗai. Babu wani gari mai girma a can da ba shi da zango. A Nima ko Sabon Zango a Accra, da Hausa za ka yi ciniki, ka tambayi masallaci, ka sami masauki. Abincin titi ma rabinsa sunayenmu ne suka ɗan sauya baki: waakye shinkafa da wake ce, tuo zaafi tuwon zafi ne, koko da ƙosai kuwa da sunan Hausa ake sayar da su kowace safiya. A garuruwan Fante na bakin teku, inda Kiristoci suka fi yawa, sai an ɗan kula da nama. Mafita ita ce kifi da dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da yaji, ko a nemi zango. A Senegal wannan tambayar ba ta ma tasowa, tunda fiye da kashi 90 cikin ɗari na jama'ar Musulmi ne, kiran salla na iske ka ko kana tsakiyar ruwa. Shinkafarsu da kifi, cebu jen, wadda asalinta daga Saint-Louis ne, ta cancanci sunan da ta yi. Amma da ka fita Dakar, in ba ka da Faransanci ko Wolof, hannu ne zai yi maka ciniki, kuma mai ciniki da hannu shi ke biyan kuɗin baƙo.

To, batun halittar Allah fa? A nan ne Senegal ke karɓe ragama.

Ghana tana da dajin Kakum, kilomita 30 arewa da Cape Coast, da gadarsa ta igiya da katako da aka buɗe a 1995: gadoji bakwai a jere, an ɗaure su a jikin manyan itatuwa, wani wurin tazararsu da ƙasa ta doshi mita 40. Ga wanda ya tashi a ƙasar da ake hango gari tun daga nesa, ganin kurmi ta samansa abu ne da ba a mantawa, ko da gwiwa na rawa. Akwai giwaye a dajin, amma kada a sa rai da ganinsu. A je da sassafe kafin motocin 'yan makaranta su iso. Can yamma kusa da iyakar Kodebuwa akwai Nzulezu, ƙauyen da aka kafa gaba ɗaya a kan turaku cikin tafki, ana shiga da kwalekwale daga Beyin, ba nisa da Nkroful inda aka haifi Kwame Nkrumah. Yana da ban sha'awa, sai dai tafiyar ta cinye yini guda zuwa, yini guda dawowa, kuma mutanen ƙauyen sun gaji da masu ɗaukar su hoto ba sallama. Gabas kuma akwai Ada da Keta, inda teku ta cinye rabin sansanin da Denmak ta gina a 1784. Shi ke nan kusan.

Senegal kuwa ruwa ne iri-iri. A Dakar kanta akwai tsibirin Ngor, minti biyar a kwalekwale, kusa da tsinin Almadies inda ƙasar Afirka ta ƙare ta yamma. Tafkin Retba mai ruwan hoda yana kusa, amma launinsa na bin yanayi, ambaliyar 2022 ma ta wanke shi na tsawon lokaci, don haka kada a ɗora tafiya a kansa. In aka gangara kudu sai Joal, mahaifar shugaba Senghor, da tsibirin Fadiouth da ake shiga ta doguwar gadar katako. Ƙasar tsibirin ba ƙasa ba ce, ɓawon kawa ne da aka yi ƙarnuka ana zubarwa har ya zama tudu, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Maƙabartarsu ma a kan wani tudun ɓawon take, Musulmi da Kirista a wuri ɗaya, ƙarƙashin kukoki.

Gaba kaɗan sai bakin kogin Salum, wanda a wurina shi ne dalilin zuwa Senegal. Kogin bai shiga teku ta baki ɗaya ba, ya tsattsage ne zuwa ɗaruruwan rassa da mutanen wurin ke kira bolong, tsakaninsu tsibirai kusan 200, gefensu cike da itatuwan nan masu saiwa a waje da ke rayuwa cikin ruwan gishiri. Ana shiga ta Ndangane ko Foundiougne ko Toubacouta. Da ruwa ya janye, mata kan fito da wuƙa suna ɓamɓarar kawa daga jikin saiwoyin. Da yamma tsuntsaye kan dawo kwana a kan wasu 'yan tsibirai har ganye ya ɓace, sai fari. Akwai tuddan ɓawo fiye da 200 waɗanda mutanen dauri suka tara, wasunsu kaburbura ne, abin da ya sa UNESCO ta amince da yankin a 2011. Sannan kogin nan shi ne ya bi ta Kaulaha. Duk wanda ya tashi a gidan Tijjaniyya ya san abin da sunan ke nufi: Madina Baye, garin Shehu Ibrahim Inyass, wanda alaƙarsa da Kano ta faro tun haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a aikin Hajji a 1937. Dubban mutanenmu na zuwa Mauludi can kowace shekara, su koma ba su san cewa tafiyar awa ɗaya zuwa biyu ce ta raba su da waɗannan tsibiran ba. Wanda ya riga ya yi niyyar ziyara, zaɓi ya ƙare masa. Ya ƙara kwana biyu kawai.

Arewa kuma akwai Saint-Louis, Ndar a bakin masu garin, tsibiri a tsakiyar kogin Senegal da Faransawa suka kafa a 1659. Ta taɓa zama hedikwatar dukkan Afirka ta Yamma renon Faransa daga 1895 zuwa 1902, ta ci gaba da zama babban birnin Senegal har 1957. Ana shiga ta gadar ƙarfe ta Faidherbe, mai tsawon fiye da mita 500, wadda aka buɗe a 1897. Benaye ne tsofaffi masu barandar katako, wasu an gyara, wasu suna zubewa, da keken doki a kan titi. In ka sake ƙetare ruwa sai Guet Ndar, unguwar masunta, cunkus da jama'a da tumaki da kwalekwale masu zane, a kan wani siririn rairayi da teku ke gutsura kowace shekara. Kilomita 60 daga nan akwai gandun tsuntsaye na Djoudj, dausayin farko da tsuntsayen Turai ke samu bayan sun ƙetare Sahara. Tsakanin Nuwamba da Afrilu, kwasakwasa dubbai kan taru a wuri guda suna ƙyanƙyasa, ga kada, ga gadu a bakin ruwa. Wajen wannan lokacin, asarar kuɗin mota ce.

Sai dai duk wannan arziki a warwatse yake, kuma nan ne lissafin kwanaki ke shigowa. Saint-Louis tana kimanin kilomita 260 arewa da Dakar, Salum tana kudu, Kaulaha kusan kilomita 190. Ba a haɗa su ba tare da an ratsa tsakiya sau biyu ba. Filin jirgin Blaise Diagne ma, tun da aka buɗe shi a 2017, yana wajen gari da kusan kilomita 50. Mai kwana bakwai da ya ce sai ya ga duka, cikin mota zai yi hutunsa. A Ghana kuwa, mutum na iya kama ɗaki ɗaya a Cape Coast ko Elmina ya kwana huɗu, kullum ya fita da safe ya dawo kafin magariba, ya ga gidajen bayin biyu, da Kakum, da Assin Manso, har ya sami yammacin zama a kan gadar Elmina yana kallon masunta na shigowa tafkin Benya da tutoci a kan jiragensu. Ranar Talata dai ba a fita kamun kifi, al'adar wurin ce.

Hanyar zuwa ma haka. Legas zuwa Accra awa ɗaya ce a jirgi. A mota kimanin kilomita 460, ta Seme da Kwatano da Lome da Aflao, iyaka uku, kowacce da nata jinkirin. Dakar kuwa ta fi awa uku a sama, kuma kuɗin tikiti ya ninka. Ta ƙasa tafiyar kwanaki ce. Masauki da abinci a Dakar sun fi na Cape Coast tsada a fili, ko da yake Accra ita ma ba kanwar lasa ba ce.

Lokaci: gaɓar Ghana na shan ruwan sama mai ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuni, ga zafi mai ɗanko kusan duk shekara, irin wanda ɗan Sakkwato ma zai yi ƙorafi a kansa. Disamba ta fi daɗi amma ta fi cika da tsada, saboda masu dawowa daga Amurka da Ingila. Mai son biki ya nufi Bakatue na Elmina a Talatar farko ta Yuli, ko Fetu Afahye na Cape Coast a farkon Satumba. Daminar Senegal daga Yuli ce zuwa Oktoba. Daga Disamba zuwa Maris Dakar na da iska mai sanyi har sai an nemi rigar sanyi da dare.

Gargaɗi ɗaya, ga mu da muka koyi iyo a kududdufi ko ba mu koya ba sam: tekun Ghana tana da ja ta ƙarƙashi, tana kwashe ƙafar mutum yana tsaye ruwa iya cinya. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. A rassan Salum ruwan a kwance yake, amma ko can kada a hau kwalekwalen da ba shi da rigar ruwa.

Da ƙanena ne ya zo mini da kwana bakwai da iyali, karon farko, Ghana zan tura shi: kwana biyu a Accra, huɗu a Cape Coast, na bakwai a hanya. Da malamin makaranta ne mai son abin da zai dawo ya faɗa wa ɗalibai, nan ma Ghana, kuma ya fara da Assin Manso kafin Elmina, don ya bi hanyar yadda aka bi da mutanen. Amma mai kwana goma zuwa sha biyu, ko mai Faransanci, ko mai niyyar Kaulaha, ko wanda abin da ke ransa shi ne tsibiri da tsuntsu da shirun ruwa, ya sayi tikitin Dakar a watan Janairu. Ya ba Gore yini ɗaya, ya shiga jirgin farko na safe kafin rana ta yi, ya ba Salum kwana uku, sauran ya kai su Ndar. In kwanakin bakwai ne tak kuma zuciya ta nace sai Senegal, a bar Ndar sai wani zuwan, a yi kudu.